Dariyar Chizuru Iri Biyu Ce

Litinin, 2 ga Oktoba

Likita ya nuna mini hoton cikina. Ya ce babbar jijiyar jini ta kumbura kamar balan-balan, in ta fashe ko asibiti ba za a kai da ni ba. Na ce ashe shekara sittin da uku ina yawo da kayan biki a ciki ban sani ba. Bai yi dariya ba. Aiki ranar 25, kwana goma a kwance, kuma daga yau kada in ɗaga abu mai nauyi.

Na ce, "Kilo talatin da takwas fa?"

Ya ce, "Mene ne?"

Na ce, "'Yata ce."

Chizuru shekararta ashirin da shida. Ba ta tafiya, ba ta magana, ga farfaɗiya tun tana shekara biyu. Tun da matata Fumie ta rasu ba wanda ya taɓa yi wa Chizuru wanka sai ni. Na kunna wa Fumie turare a gaban hotonta na gaya mata. Na buɗe shago, awara biyu ta fashe a hannuna.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Gidan kan tudu, inda ake ajiye irin su Chizuru na ɗan lokaci don iyaye su huta, sun bugo waya. Wata goma sha huɗu sunanmu na layi. Akwai gado. In je Laraba a yi mini tambayoyi.

Da na je ɗauko Shugaba daga cibiyar da ake kula da ita da yini (haka nake kiran Chizuru, ita ce mai shagon, ni ɗan aike ne), Maman Shuhei, wadda ɗanta ma ke zuwa cibiyar, ta ja ni bayan mota. Ta ce, "Genzo, in sun tambayi farfaɗiya ka rage. Likita ba ya kwana a can, da sun ji da yawa sai su ce ka nemi babban asibiti, can kuma layin shekara biyu ne. Kowa ragewa yake yi, kada ka je kana mini gaskiyar masu awara."

Laraba, 11 ga Oktoba

Na yi.

Babbar nas ɗin sunanta Malama Hayase, siririya, gilashinta a kan hanci, irin malaman da suka sa na bar makaranta ina sha biyar. Na kai musu kwalin alewar wake, ta ce doka ta hana. Ta tambayi abinci, na faɗa. Bayan gida, na faɗa. Sai ta ce, "Farfaɗiyar fa, Baba, sau nawa?"

Na ce sau ɗaya a wata. Wani watan ma ta manta da mu.

Biyu ne ko uku a sati. Na ga alƙalaminta ya rubuta ɗaya, na danna hatimina a ƙasa.

Ban kuma faɗi maganar dariyar ba, don in na faɗe ta sai an tambayi sauran.

Asabar, 14 ga Oktoba

Sun ce a rubuta suna a jikin komai. Safa ɗaya-ɗaya, cokali, murfin kofi daban, kofin daban. Tun da na bar aji ban yi rubutu irin na yau ba. Shugaba na kallona daga kan tabarma, na manna mata takardar suna a goshi na ce ke ma kar ki ɓata. Ta ƙyalƙyale. Ta gaske.

Bari in rubuta a nan tunda ba mai karantawa. Dariyarta biyu ce. Ta gaske daga ciki take tasowa, ido ya ƙanƙance, kafaɗa ta yi rawa, yawu ya zubo. Ɗayar a maƙogwaro take tsayawa, busasshiya, he-he-he, ido a buɗe yana kallon abin da babu. In ta yi wannan, cikin minti ɗaya ko biyu babbar farfaɗiyar na zuwa. Sai a kwantar da ita ta gefe, in danna agogon da nake tafasa waken suya da shi. In ya wuce minti biyar a sa magani.

Baƙo ba zai bambance ba. Ƙanwata ma ba ta iya ba.

Talata, 17 ga Oktoba

Ranar gwaji, daga goma zuwa huɗu. Na dawo shago na rasa me ake yi da hannu in ba a riƙe da cokali.

Da na je ɗauko ta, mai kula da ita, Malama Tsuboi, wata ƙatuwar dattijuwa mai murya kamar ta kasuwar kifi, ta tare ni tun a wurin cire takalma. Ta ce, "Baba, 'yar nan taka 'yar duniya ce! Bayan abincin rana haka kawai ta kama dariya ita kaɗai, sannan ta yi barci awa biyu. Ta ji daɗin wurinmu, kai ne dai za ka yi kuka."

Na ce ai ni ta gado.

A mota na buɗe bakinta. Ta ciji gefen harshe.

Wato farfaɗiyar ta zo, ta wuce, tana ɗaki ita kaɗai, su kuma suna murna.

Laraba, 18 ga Oktoba

Ban buɗe shago ba. Na ce wa maƙwabta wake ne bai jiƙa ba.

Asabar, 21 ga Oktoba

Sau uku ina ɗaukar waya. In na faɗa, su ce a nemi wani wuri, a ɗage aikin. In aka ɗage, balan-balan ya fashe ina tsakiyar ɗaga ta daga baho, waye zai ji? Sai masu sayen awara sun gaji da ƙwanƙwasa ƙofa. In ban faɗa ba, kwana goma sha biyu, aƙalla sau huɗu ke nan. Ɗaya daga ciki ta zo tana da abinci a baki, shi ke nan.

Ko ta ina na juya ni ne na kashe ta. Kai Genzo, da ka tsaya a makaranta da ko ƙaryar ka iya.

Litinin, 23 ga Oktoba

Na kai ta da safe. Ɗaki mai kyau, taga na kallon teku, can ƙarshen baranda. Na jera kayanta, na yi mata kukan akuya, na rusuna wa kowa har da mai shara. Na fito. Gobe ne zan kwanta asibiti.

Na zauna a tashar bas. Bas ta zo, direba ya buɗe ƙofa ya dube ni, na dube shi, ya rufe. Na hau tudun nan da ƙafa, ina jin jijiyar tana bugawa ƙarƙashin cibiya.

Na sami Malama Hayase a teburinta. Na durƙusa har goshina ya taɓa ƙasa, abin da ko ranar neman auren Fumie ban yi ba.

Ta ce, "Tashi, Baba. Sau nawa?"

Tun ban ma fara magana ba ta gane.

Na ce biyu, uku a sati.

"Mafi tsawo?"

"Minti bakwai. A watan Yuni."

Ta cire gilashi. Ta ce, "Na san iyaye na raba biyu, ni ma sai in ninka a raina. Kai ka raba goma. Ka san ɗakin da na ba ta duk bayan awa biyu ake leƙawa?"

Na gaya mata maganar dariyar, da harshen ranar Talata. Malama Tsuboi na tsaye bakin ƙofa da tawul a hannu, sai gani na yi ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Ni kuwa har tafi na yi mata." Wannan ya fi mini zagi ciwo.

Malama Hayase ta ce ba ita ke yankewa ba, sai likitan gidan ya yi magana da likitan Chizuru. In tafi da ita gida, za su kira.

Na kwashe safa mai suna, kofi mai suna, na mayar cikin jaka.

Talata, 24 ga Oktoba

Asibiti na jirana ƙarfe biyu. Har tara da rabi wayar ba ta yi ƙara ba, na ɗaga ta sau biyu in ji ko tana aiki.

Goma saura suka kira. Za su karɓe ta, a ɗakin da ke manne da teburin nas, da takardar likita ta maganin gaggawa. Sharaɗi ɗaya: in zo in koya musu.

Mutum bakwai suka zauna da littattafai a gabana. Ni da ko abin da ke kan allo ban taɓa tashi na karanta a aji ba. Na fara bayani, bakina ya sarƙe. Malama Tsuboi ta ce, "Haba Baba, bar turancin, yi mana kawai."

Na yi ta gasken, kafaɗa da komai, wasu suka murmusa. Sannan na yi ɗayar. Ban taɓa jin ta daga bakina ba. Malama Hayase ta ce in sake. Sau biyar na yi, suna ɗauka a waya don masu aikin wasu ranaku. A ta biyar muryata ta ƙi.

Na bar musu agogon wake. Suna da nasu, amma Malama Hayase ta karɓa.

Shugaba ko kallona ba ta yi ba da zan tafi, tana kallon fankar sama.

Asabar, 28 ga Oktoba

Ina nan. Ciki kamar an ɗinke buhu. Tari ma sai na nemi izini.

Litinin, 30 ga Oktoba

An ba ni wayata. Ga saƙo daga gidan kan tudu: sau biyu farfaɗiyar ta zo, Alhamis da jiya. Minti biyu, minti uku da rabi. Duka biyun tana kwance ta gefe kafin ta fara.

Na sa bargo a fuska, na kusa da ni ya kira nas wai ɗinkina ya ɓalle.

Litinin, 6 ga Nuwamba

An sallame ni Asabar. Sun riƙe Shugaba har yau, kuma za a turo mai taya ni wanka da ɗagawa na wata biyu. Wata baƙuwa a banɗakina. To.

Shugaba ta yi ƙiba ma, maras kunya.

Malama Tsuboi ta zaunar da ni a ofis ta ce, "Baba, ka san kafin dariyar nan yatsun ƙafarta ta hagu suna naɗewa? Kusan minti guda kafin." Na ce tabbas, mantawa na yi ban faɗa ba. Ta dube ni ta saman takunkumi ta ce, "Ka sake ƙaryar?" Na ce gaskiya ban sani ba. Shekara ashirin da huɗu fuska nake kallo.

Malama Hayase ta turo mini takarda: in riƙa kawo ta kwana biyu kowane wata, don kada su manta ta, kada ita ma ta manta su. Na ce zan yi tunani. Ina cikin tunanin sai dariya ta taso daga ɗakin da ke manne. Na yunƙura, ɗinki ya ja ni. Malama Tsuboi ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce, "Ta gaske ce, zauna."

Na saurara. Ta gaske ce.

Na danna hatimin. Saboda ɗinkin ne, likita ya ce in kula.

Ban tambayi abin da ya ba ta dariya ba. Ba ni ba ne dai.