Kujerar Baba

Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Waya dai ba ka ɗagawa, kullum hannunka cikin gam, shi ya sa na rubuto na ba direba.

Ina kujerar Baba? Tun da ƙafafunsa suka ƙi, likita ya ce a samo masa mai hannu da doguwar majingina, ya riƙa zama a bakin ƙofa yana ganin mutane, kada kwanciya ta cinye shi. Na ce zan sayo, ya ce Allah ya sawwaƙe, kafinta uban kafinta ya zauna a kujerar kanti? Kai da kanka ka zo ka auna shi, ka ce mako mai zuwa. Yau wata nawa? Kullum da safe sai ya sa na share gurbin da za a ajiye ta. Wallahi takaici ya ishe ni.

Ka gaida matarka.
Yayarka.

Yaya,

Barka da ƙoƙari, ya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi.

Ki yi haƙuri, ban manta ba. Katakon yana jingine a bayan ƙofa, mai kyau na zaɓa. Amma da na ɗauki zarto sai wani ya faɗo. Wannan tagarsa ta ƙi rufuwa, wancan ƙafar bencinsa ta karye, ga mai makaranta tsaye a kaina kan teburan yara. Wanda ya fi ɗaga murya shi nake fara sallama, don shago ya yi shiru. Kafin in ɗago kai rana ta faɗi. Na Baba aikin gida ne, da na sami sarari zan zauna masa.

Na gaishe ku duka.
Ƙaninki.

Auta,

Muna lafiya, in ka cire mai jikin. Sarari! A wace kasuwa ake sayar da shi?

Na karanta wa Baba takardarka, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce in tuna maka yadda yake yi lokacin da shagon yake hannunsa: da safe ba ya buɗe ƙofa sai ya ci ƙarfin aikin da ya fi muhimmanci a ranar, masu bugawa su yi ta bugawa. Ya ce tagar da ta ƙi rufuwa yau, gobe ma tana nan, ba inda za ta. Sannan ya ce kada in matsa maka. Ni kuwa sai na matsa. Jiya riƙe cokali ya gagare shi, kuma tsoro nake ji.

Sai na ji daga gare ka.
Yayarka.

Yaya,

Ina gaisuwa. Maganar Baba ta shige ni. Yanzu ta baya nake shiga shago, in bar ƙofar gaba a rufe. Mai makaranta ya buga ya gaji, ya dawo da rana, duniya ba ta tashi ba. Ashe abin da na yi watanni ina ja bai wuce aikin 'yan safiyoyi ba. Kunya ta kama ni.

Ga ta nan a mota. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinta, irin haɗin da ya koya mini na yi. Ni ma ina tafe da zarar na miƙa teburan nan.

A gaida Baba.
Ƙaninki.

Auta,

Sannu da aiki. Kujera ta iso, amma Baba ba ya iya zama kuma. Mun ɗaga shi ni da maigidana, kansa ya langaɓe, dole muka mayar da shi.

Sai ya ce a matso da ita bakin gado. Ya shafa hannunta, ya bi haɗin da yatsa yana neman ƙusa, bai samu ba. Ya ce, "Wannan aikin safe ne." Can ya waiwaya ƙofa ya ce, "Shi Auta yana waje ne?" Na fita na yi kukana.

Ba zan yi maka faɗa ba, ƙarfina ya ƙare. Teburan yara ba inda za su.

Ka huta lafiya.
Yayarka.

Yaya,

Na sa wa shago kwaɗo. Mai makaranta yana ihu, ban juya ba. Ina tasha, motarmu ba ta cika ba, shi ne na ba direban da ke gabanmu wannan takarda.

Baba ya saba jirana. Don Allah ki roƙe shi ya ƙara kaɗan.

Auta.