Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Zuwa ga ɗana na fari,

Assalamu alaikum. Na san wasiƙar nan ba za ta same ka ba, inda kake addu'a kaɗai ke isa. Duk da haka bari in yi maganata.

Kada ka yi mamaki, ban koyi boko bayan ranka ba. Jainabu, ɗalibarka ta jami'a, ita ta zo nan garinmu Garwa ta saka mini abin nan da ka ƙera a cikin waya. Ina magana, baƙaƙe suna fitowa. Yau na kori kowa daga tsakar gida, daga ni sai wayar.

Babanka ya daina zuwa mayanka, gwiwa ta hana. Bakin dai yana nan, daga kan tabarma yake koya wa ƙanenka Sani yankan da Sani ya fi shi iyawa. 'Yarka Ummi ta shiga lekol, makarantar boko ke nan, har ta fara gyara mana Faransanci. Halinka ne sak.

Ka tuna lokacin da kake zuwa hutu da 'yar na'urarka? Ina dakan labu, haɗin da ake shafa wa kilishi, kana tsugune gindin darbejiya, wai in yi ta magana. Na ce ka tafi Kano mana, can Hausa take, tamu ta Garwa gauraye ce, ga Fillanci, ga Faransanci ya tsoma baki. Ka ce ai ita kake nema, don na'ura ba ta jin irin tamu, kuma ranar da tsohuwa za ta nemi bayanin magani a waya, da bakinta za ta tambaya. A raina na ce, duk karatun nan ƙarshensa naɗar surutun tsofaffi?

Ashe ni ce ban gane ba. Jainabu ta ce yanzu duk mai rubutu kan koya wa na'ura harsunanmu sai ya ambaci sunanka, don a kan aikinka yake ɗora nasa. Har mutanen ƙasashen da ba ka taɓa takawa ba. Ta nuna mini jerinsu, tana ja da yatsa, na gaji bai ƙare ba. Wani ɗalibinka yana garin Mokolo yana naɗar harshen mutanen kan duwatsu yadda ka koya masa.

Nan abin ya soke ni. Baƙi suna ta kiran sunanka, ni da na haife ka ban taɓa kira ba. Kunyar ɗan fari, haka na tarar uwata tana yi. Daga “kai” sai “yaron nan”, sunanka ke nan a wurina.

Ka tuna ranar da ka yi mini wayo? Ka kunna na'urar, ka ce in lissafa 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya. Na gane tarkonka, na tsallake ka, na fara daga ƙanwarka Hadiza. Ka yi dariya, amma ka kashe na'urar, ba ka sake kunna ta ba ranar. Na ga idonka. Na ci gaba da dakana kamar ban gani ba. Me zai rage ni da na faɗa? Ko a asibiti, da ciwon ya ci ƙarfinka, sannu kawai na iya ce maka. Shekara biyu ke nan abin yana cin raina.

An ce abin nan ya san duk kalmar da na faɗa a gindin bishiyar. Akwai guda ɗaya da bai taɓa ji daga bakina ba.

Hamidu. Hamidu, ɗana, na yi alfahari da kai tun kana raye, bakina ne ya yi nauyi.

Ga baƙaƙen sun fito. Ban iya karanta su ba, amma na san naka ne.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka. Sai na zo.

Innarka,
uwar Hamidu