Numfashin Manzo

Tanout, ranar Laraba

Zuwa ga Yayana Haris,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka a Yamai. Mu nan da sauƙi. Inna ƙafarta ta lafa, geron gonarmu ta Gangara kuma ya fara fitar da kai, Allah Ya kai mu kaka lafiya.

Yaya, maganar ƙanenmu Manzo ce ta sa na ɗauki biro, don a waya ba na iya faɗinta, gidan nan bango ma kunne gare shi. Tun da rijiyar da suke haƙa a Tenhya ta rufta da abokinsa Sahabi yana kallo, Manzo bai koma daidai ba. Ƙirjinsa ke shaƙewa, ya riƙa haki kamar shi ƙasar ta danne. Ya bar cin abinci, ya bar magana. An yi rubutu, an yi addu'a, an kai shi likita, aka ce jikinsa lafiya lau.

A can wata majo, wato ma'aikaciyar jinya, Madam Firdausi, ta koya masa abin da ta kira yoga. Zama ne a tabarma, ya miƙe baya, ya ja numfashi a hankali ya sake, ya miƙa hannuwa ya sunkuya. Na yi zaton wasa ne. Wallahi Yaya, da idona na ga kafaɗunsa sun sauka. Wata safiya yana cikin yi ya fashe da kuka, kukan da bai yi ba ranar jana'iza, sannan ya ce in dama masa fura. Inna sai da ta yi sujada.

To, Kawu Ɗan Azumi ya shigo ya gan shi a sunkuye, ya gaya wa Baba wai bautar rana ce ta mutanen Indiya. Baba ya naɗe tabarmar da hannunsa, ya ce ba a gidansa ba. Na je wurin liman, ya ce in dai numfashi ne da motsa gaɓoɓi, kuma zuciya na wurin Allah, shi bai ga laifi ba. Baba ya ce ni mace ce, ban ji daidai ba.

Yanzu Manzo ya koma shiru. Shekaranjiya maƙwabciyarmu Zuhaira ta same shi zaune a bakin rijiyar unguwa, ƙafafunsa a ciki, ba guga a hannunsa. Da ƙyar ta janyo shi. Tun daga nan ban yarda ya fita shi kaɗai ba, amma ni ɗaya ce, ido kuma yana gajiya.

Ciwon ɗan'uwa na ɗan'uwa ne. Kai kaɗai Baba ke saurara. Don Allah, don darajar Inna, ka kira shi ka lallashe shi, ko ka hau mota ka zo. Kada ka jira sai Sallah.

Ka gaida Anti Radiya da su Abdulmajid da Nafisatu. Inna na sa maka albarka. Na gaya wa Manzo ina rubuta maka, sai ya ɗago kai.

Ƙanwarka,
Indo