Awa Biyar Tsakanin Jidda da Sakkwato

Dingyaɗi,
20 ga Oktoba, 1983.

Zuwa ga Safinatu, sanyin idona, inuwata a tsakar rani, ruwan farko na daminata,

Bayan sallama da gaisuwar mijin da hankalinsa ya bar jikinsa, yau kwana goma sha tara ke nan da ranar da aka ce jirginku zai taso daga Jidda, kuma har yanzu kuna zube a filin jirgi kuna jira. Kullum aka tashi daga makaranta sai in hau keke in nufi filin jirgin Sakkwato, in tsaya bakin wayar shinge ina leƙen fuskokin alhazai. Masu gadi har sun laƙaba mini suna Angon Jirgi.

Na auna taswirar ajin da nake koyarwa da hannu, tsakanina da ke bai wuce taƙi biyu ba. Wani ma'aikacin filin ya ce mini kilomita dubu uku da ɗari bakwai ne, jirgi yana cinye su cikin awa biyar. Awa biyar, Safinatu! Daga hantsi zuwa azahar ke nan. Da farko murna na yi. Yanzu kuwa tsoron awa biyar ɗin nan nake yi.

Kin tuna jajibirin tafiyarku, a gindin darbejiyar gidanku na Shagari? Kika ɗora hannuna a cikinki har ya motsa, kika rufe fuska da mayafi, kika sa na yi alkawari ba zan bari Baba Mode ya sani ba. Yaya za ki yi doguwar tafiya da mahaifinki alhali ya san kina ɗauke da cikin fari? Ni kuma, da wautata, na biye wa kunyarki, na ce ai kafin a yanke gero kin dawo. Geron da fari ya bari an yanke shi. Cikin da ya tafi yana wata shida yau ya shiga na takwas, kuma babu wanda ya sani a can sai ke da mayafinki.

Wa zai riƙe ki in naƙuda ta taso a sama? Akwai ungozoma a cikin gajimare? Ina direba zai tsaya a sauke ki, kamar yadda ake yi a hanyar Boɗinga?

Na karya alkawari, hasken gidana. Na faɗa wa Talatu, ma'aikaciyar jinyar da za ta bi jirgin kwaso alhazai ta kawo miki wannan takarda. Ita za ta sanar da Baba, ta kai ki wajen likita. Ki yi fushi da ni yadda kike so, na ɗauka. Amma in likita ya ce kada ki hau, don girman ɗakin da kika yi wa ɗawafi, kada ki hau, ko da sunanki ne na farko a takardar masu hawa.

Allah ya sani ina begenki kamar yadda shukar albasa ke jiran ban ruwa. Duk da haka gobe zan koma bakin wayar nan ina duba masu saukowa, ina roƙon Allah kada in gan ki cikinsu sai da yardar likita.

Naki, yau da gobe, har ranar da za a rufe ni da ƙasa,
Maniru