Wushiryar Afiniki

Alhamis, 7 ga Oktoba, 1976
Haƙoran Afiniki sun iso daga Jos a jirgin ƙasa. Na roba, a madadin na gaba da ta rasa lokacin da babur ya kayar da ita a hanyar Kagoma. Dakta Martins ya sa mata, ya ja baya yana kallon aikinsa da alfahari. Farare tas, a jere, a matse kamar maɓallan piyanon coci. Babu wushirya. Na ce ina wushiryar matata? Wai “na gyara mata.” Gyara! Abin da ya sa na yi ta taka keke zuwa garinsu Godogodo ina saurayi, shi yaron nan ya toshe, yana jiran godiya.

Lahadi, 10 ga Oktoba
Ba ta je coci ba. Ita da ke ɗaga waƙa a zumuntar mata. Ko ni take wa magana sai ta kare baki da gefen zane. Yayarta Emilia ta zo dubiya, ta ce, “Kai, Afiniki, bakin wa aka ara miki?” Don wasa ta faɗa. Afiniki ta shige ɗaki.

Laraba, 13 ga Oktoba
Na ga Lauya Emenike a bayan tasha. Ya ce doka ta san karaya, ta san jini, bai taɓa jin ta san wushirya ba. Na kawo masa dokar Romawa, na kawo masa “haƙori maimakon haƙori” na Littafin Firistoci. Ya yi hamma. Ya ce in an shiga kotu dole Madam ta cire haƙoran gaban alƙali, a ga da su, a ga ba su. Na ce a yi. Na karantar da rabin ma'aikatan kotun nan, har da masu barci.

Asabar, 16 ga Oktoba
Na gaya mata. Tana tankaɗe acca, ba ta ɗago ba. “Baban Paulina, ni zan buɗe baki wayam mutanen kasuwa su leƙa? Bakinka ne ko nawa?” Na ce maganar haƙƙi ce. Ta ce to in kai haƙƙin kotu, ita tana gida.

Alhamis, 21 ga Oktoba
Na je wurin Martins in gaya masa sammaci na tafe. Ya bar ni na gama, har na ɗan rasa abin ƙarawa. Sannan wai ranar da ya ɗauki awon bakinta haƙoran sun riga sun zube, mai yin su a Jos kuma bai taɓa ganinta ba, ta ina za su sani? Wai ya tambaya yaya take son su, ni na amsa, da Turanci, na ce irin na Ingila, mafi kyau. Wai har na ba shi tarihin haƙoran hauren giwa, ita tana zaune da auduga a baki.
Ƙarya. Ko dai ƙari. Tarihin dai na tuna na ba shi, kuma daidai ne.
Ai aikinsa ne ya tambaye ta ita. Bai san Hausa ba ne?

Juma'a, 22 ga Oktoba
Ban tambaye ta ba.

Talata, 26 ga Oktoba
Emenike ya aiko yana jirana. Na ce makaranta ta riƙe ni. Paulina ta ce Mama ta daina cin masara gasasshiya a gaban kowa.

Alhamis, 4 ga Nuwamba
Afiniki da kanta ta ce mu koma wurin Martins. A ƙofa ta ce in zauna a benci. Ni, hedimasta, tsakanin wani mai kumburarren kunci da wata tsohuwa mai tofar da yawu a gwangwani. Ina jin ƙarar ƙarfen gogewa daga ciki, da muryarta: “Ƙara kaɗan, ɗana. Ba ni madubi. Ƙara.” Wai yanzu kowa sai ya riƙe madubi ya faɗa da bakinsa kafin a taɓa shi. Sai da aka kusa kai Martins kotu ya yi hankali.
Na aika wa Emenike a dakata. Dakatawa na ce, ba janyewa ba.
Ta fito tana gaisa da mutanen benci, hannunta a ƙasa. Wushiryar ta fi ta asali faɗi, sosai ma. A hanya ta ce tun tana yarinya haka take sonta.
Ina da ra'ayi a kan faɗin nan. Ba a tambaye ni ba.