Mashmalon Ƙwanni

Illela

Yaya Khairiyya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya yara da Malam Mukhtari?

Yaya, fondan ya isshe ni. Wannan lulluɓin sukarin da nika shimfiɗa wa kek, in na kwaɓa shi da mashmalon Sakkwato, alewar nan mai laushi kamar auduga, kamin in gama murzawa ya tsattsage kamar dugadugan tsohuwa. Na shafe shi da bota, na naɗe cikin leda biyu, na turbuɗa shi gindin randa, duk a banza. Mata sun fara kai aikinsu wani wuri. Ga walimar saukar Ummi ƙanwarmu ran Juma'a, kuma Baba, da kullum yake cewa wasan yara nika yi, ya ce ni zan yi kek ɗin. In na kunyata gabanshi, na bar sana'ar nan.

Ki taimaka. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Tayyiba

Birnin Ƙwanni

Tayyiba sarkin raki,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya lau.

Mi ya yi zafi? Ga kwali nan wurin Sahabi direba, mashmalon kantin bayan tasha ne, mai rubutun Faransanci. Ki narka shi sannu, ki daina gumbuɗa mai sukari kamar mai cike rami. Ki shafe hannunki da mai, ki naɗe shi ya kwana, kuma kar ya ga firji. In ya tsage ki zo ki yi ƙarata.

Allah ya ba da sa'a.

Yayarki,
Khairiyya

Birnin Ƙwanni

Tayyiba,

Salamu alaikum. Kar ki taɓa kwalin nan.

Malam ya tsinci ledar mashmalon guda a tsakar gida ya karanta bayanta. Abin da ke ba shi danƙo daga fatar alade anka yi shi. Na koma kantin na bi ledojin ɗaya bayan ɗaya da mai shagon, duk masu laushin haka suke. Wallahi ban sani ba. Ki zubar, ki yafe min.

Sahabi ya ce motarshi ta lalace, amma zai nemi mai kawo miki takardar nan.

Khairiyya

Illela

Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta biyu ta iso ran Asabar, bayan walima.

Ban taɓa yin kek mai kyawon wannan ba. Malaman Ummi sun ci, mata sun ƙulla saura a gefen zane sun kai wa ɗiyansu. Baba ya ci, ya ƙara, ya dafa kaina gaban mutane ya sa min albarka. Na san wanda bai sani ba ba shi da laifi, amma na kasa kallon Baba in yana alwala.

Ban gaya wa kowa ba. Na koma wa mashmalon Sakkwato jiya, ya tsage.

Matar Liman ta aiko in yi mata irin kek ɗin Ummi sak, na bikin ɗiyarta. Na ce a gaya mata na daina.

Allah ya bar zumunci.

Tayyiba