Hancin da Na Bari a Gindin Ɗorawa

Kiru, farkon daminar 1956

Zuwa ga Baturiya, farar tattabarar garin Ba'awa, inuwar tsamiya a tsakiyar bazara, ruwan sabuwar randa, wadda ta jefo ni daga kan ɗorawa ba tare da ta taɓa ni ko da ɗan yatsa ba.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, irin wadda jaki ba zai iya ɗauka ba sai an raba masa kaya, ina fatan kina lafiya, da Baba Malam, da Inna, da tukwanen daddawarta. Ke kuma ƙawarta Laraba, na san ke za ki karanta mata takardar nan tunda ke kika shiga ajin yaƙi da jahilci. Na haɗa ki da Allah kada ki tsallake layi, kada kuma ki ƙara gishiri. In dariya ta kama ki, ki yi abarki ki gama, sannan ki ci gaba.

Baturiya, na ji abin da ake faɗa. An ce Mainasara ya taɓu. An ce tun da ya faɗo, ƙwaƙwalwarsa ta juye. Maganar ta bi fatake ta je Bebeji, ta yada zango a Tudun Wada, wani ma ya rantse mini ya ji ta a Doguwa, inda aka ce wai ina tara kaji ina yi musu wa'azi. Da a kasuwa ta tsaya, da ko a jikina. Amma ta shiga har zauren gidanku, ga shi Baba Malam ya aiko wa babana cewa a dakata da maganar sa rana, sai ya zo ranar kasuwar Kiru ya gan ni da idonsa. Wayyo ni! Auren da na yi ta karya bayana a gonarku dominsa, shi za a jingine saboda bakin 'yan tsegumi? Shi ya sa na ɗauki alƙalami, don ki ji labarin kan nan daga bakin mai shi.

Kin dai tuna ranar. Inna ta ce ɗorawar bayan gidanku ta nuna, ba mai hawa, ni kuwa sarkin neman suna a gidan surukai na naɗe wando na ɗare da ƙugiyata. Ina cikin kaɗowa sai ga ki kin dawo daga rijiya, tulu a ka, idon nan ya sha kwalli. Kika ɗan ɗago kai yadda ruwan ba zai zube ba, kika ce, "Sannu da aiki, Mainasara. Ashe na ƙasa-ƙasa kake iyawa? Ai na can sama sun fi zaƙi." Kika wuce abinki kina guntse dariya. Ya Rabbi! Wane namiji ne zai ji wannan ya tsaya a reshen da Allah ya ajiye shi? Na ƙara sama. Reshen ya yi ƙara, ban saurare shi ba. Abin da na sani bayan nan, ina kwance rub da ciki a kan jaki an nufi ɗakin magani da ni, ƙeyata ta yi ƙulu kamar goruba.

Malam Mudi, malamin asibitinmu, shi ya ɗinke ni. Da na ishe shi da tambayar ko hankalina zai gudu, sai ya ja ni wajen mahauta ya sa aka fasa mana kan rago. Ya ce, "Matso ka ga abin da kake yawo da shi a bisa wuya. Ƙwaƙwalwarka ta fi wannan girma, ko da yake ranar da ka hau reshen nan ragon ya fi ka amfani da tasa." Ashe, sanyin idona, ƙwaƙwalwa ba curi ɗaya ba ce. Gida ce mai sassa, kowane sashe da aikinsa, kuma zan zagaya da ke nawa gidan ki gani da kanki ko akwai ɗakin da ya rushe.

Mu fara ta ƙeya, inda na bugu. Kin san can baya ake gani? Ido yana gaba, amma taga ce kawai, mai leƙen yana zaune a ƙeya. Shi ya sa na ga taurari da rana tsaka. To wannan ɗakin lafiya lau yake, har ma ya fi da zalama. Ko na buɗe ido ko na rufe, wushiryar nan taki ce a gabana, da ɗan tabon nan na gefen girarki da kike cewa ba wanda ya taɓa lura da shi. Shekaranjiya na tsaya ina kallon wata farar saniyar Fulani tana taku a hankali, wuyanta a miƙe, har makiyayin ya tambaye ni ko saye zan yi. Ina zan ce masa tafiyar wata ta tuna mini?

Ƙarƙashin wannan ɗakin na ƙeya akwai wata 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwa mai ninki-ninki, ita ke riƙe mutum ya tafi sosai kada ya kife. Ita ce ta fara tona mini asiri, don kwanakin farko na yi ta tangaɗi kamar wanda ya sha abin da Musulmi ba ya sha, mata na leƙe ta kan danga. Yanzu ta dawo aiki. Ki aiko a duba kunyoyin da na yi a gonar gero, a miƙe suke sak. Saura tangaɗi ɗaya, wanda yake kama ni in na hango ki a bakin rijiya, ƙafar dama ta rasa inda ta hagu ta nufa. Na tambayi Malam Mudi maganinsa, ya ce wannan ba ya cikin kwalabensa, in je wajen waliyyinki.

A gefe da gefe, saman kunnuwa, nan ake jin magana a gane ta, nan kusa kuma rumbun ajiya yake. Kaico, da wannan rumbun ne ya tsiyaye ko kaɗan, da na huta! Duk wata baƙar magana da kika taɓa yaɓa mini tana nan ko ƙwaro bai taɓa ta ba. Ranar da kika ce hulata ta yi kama da murfin tukunya. Ranar da na kawo miki goro kika ce in kai wa kakata. Da kuma ranar da kika ce, a hankali, kina kallon ƙasa kina wasa da bakin gyale, "In ba kai ba, sai dai a bar ni a gida." Wannan ita nake ɗebowa kullum in yi tuwo da ita, ba ta kuma raguwa.

Can ƙasa akwai wani ɗan guntu kamar saiwa, wanda ya gangara cikin wuya. Ba ya barci, ba ya hutu, shi ke tafiyar da numfashi yana lura da bugun zuciya. Malam Mudi ya ce da nan na karye, da yanzu ta'aziyya ake yi, ba tsegumi ba. Kin ga ashe duk shekarun nan ina yabon wanda bai yi aikin ba. Ina ta ce miki zuciyata, zuciyata, alhali zuciya makaɗi ce kawai, daga sama ake ce mata ta ƙara sauri. To ki sani, ba da zuciya kaɗai nake son ki ba. Da ƙeya nake son ki, da gefe, da saiwa, da duk abin da ke ƙarƙashin hular nan mai kama da murfin tukunya!

A goshi kuwa alƙali yake zaune, mai cewa yi ko bari. Na tambaya ko nawa ya ji ciwo. Malam ya ce, "Lafiyarsa ƙalau. Wannan tun kafin ka faɗo yake gyangyaɗi a bakin aiki." Ban yi musu ba. Amma wa ya ba shi abin barcin, Baturiya? Ba mai tulu ba ce?

Yanzu, Laraba, daina dariya, ki karanta wannan a nitse.

Ɗaki ɗaya ya rufe. A ƙarƙashin goshi akwai wasu 'yan jijiyoyi sirara kamar zaren kaɗi, da suka taso daga rufin hanci, su ke kai ƙamshi da wari ciki. Da ƙeyata ta daki ƙasa, ƙwaƙwalwar ta yi tsalle gaba kamar fura a ƙwarya, zaren ya tsinke. Tun ranar ban ƙara jin ƙamshin komai ba. Malam Mudi ya ce wasu yakan dawo musu, wasu ba ya dawowa, sanin na Allah ne. Wannan shi ne duk haukan nawa. Na je maƙera gyaran garma, tartsatsi ya faɗa a bayan rigata, na zauna ina gaisawa da mutane hayaƙi na tashi a bayana, sai da aka sheƙa mini ruwan sanyaya ƙarfe. Wata rana kuma na sami inuwa mai kyau na zauna ina cin dafaffen rogo, ina mamakin me ya sa kowa ke wucewa da hannu a hanci yana kallona. Ashe mushen jaki ne a bayan dangar. Ke kanki da kin gan ni, me za ki ce?

Amma dubi ikon Allah! Wace yarinya ce a duk ƙasar Kiru ta fi dacewa da miji marar hanci? Gidanku fa in Inna ta buɗe kalwar da ta rufe, har kare sai ya sake hanya. Wancan ɗan gayun mai keke na Bebeji, da na ji ya fara shawagi tun da aka ce na taɓu, ba shi ne ya zo zance da ƙyalle a hanci yana cewa mura yake yi ba? Ni kuwa zan zauna a gindin tukunyar, in taya Inna kirɓi, in yi mata hira har la'asar, fuskata a sake. Ki gaya mata ta yi tunani, irin wannan surukin ba a samunsa a kasuwa, sai an jefo shi daga sama.

Ina wasa, amma wallahi abin yana cina. Ranar da ruwan farko ya sauka, kowa ya fito tsakar gida yana jan numfashi yana cewa, "Kai, ƙamshin ƙasa!" Na ja, na sake ja, ba komai, sai iska. Na koma ɗaki na zauna, ban san sanda hawaye ya zubo mini ba. Ba ƙasar na yi wa kuka ba. Na tuna ranar bikin yayarki ne, da kika gifta ta gefena a soro, ƙamshin kajiji da sabon lalle ya biyo ki. Yana nan a rumbu, shi ne na ƙarshe da na ajiye naki, kuma mai yiwuwa ba za a ƙara zuba wani a kansa ba. Za ki yi turare ranar da aka kawo ki, ba zan ji ba. Za ki soya albasa da man shanu, maƙwabta su haɗiyi yawu, mijinki na zaune kamar turmi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wajen mace, na sani.

Baba Malam ba ya ba ni tsoro. Ya ja mini baƙi in kai masa ƙarshen sura, ya tambaye ni iyakar gonarsa in nuna masa har kututturen da suke rigima a kai da maƙwabcinsa. In ya miƙo mini turare kuwa, ba zan lumshe ido in yi ƙaryar daɗi ba, zan ce masa, "Baba, hancin yana gindin ɗorawarku, sauran kan kuma ga shi." Ke ce kike ba ni tsoro. Shi hankalina zai auna, ke ce za ki zauna da abin da ya rage.

Don haka ga roƙona, ya hasken ƙeyata. Za ki zama hancina? Ki ce mini tuwo ya kama, ki ce mini riga ta ci wuta, ki ce mini tashi daga nan akwai mushe, in damina ta faɗi kuma ki tsaya kusa da ni ki gaya mini yadda ƙasar take ƙamshi? In ba za ki iya ba, kada ki aiko da komai, zan gane, ba kuma zan kai ƙararki ko'ina ba, ko da yake ke kika ce na sama sun fi zaƙi. In kuwa kin yarda, ki sanar da Inna tun kafin ranar kasuwa, ita ta san ƙofar da ake shiga wa Baba Malam. Sannan ki ba Laraba curin daddawa ɗaya ta kawo mini, sabuwa, mai ƙarfi, wadda ba a shanya ba. Ni ba zan ji ta ba. Amma tun tana ƙofar gari duk gidanmu za su ji, su san an amsa mini.

Naki, da kowane sashe na kan nan, mai aiki da wanda ya rufe, har ranar da saiwar can ta ajiye aikinta,

Mainasara